Murhun da ya Huce: Tarihin Duwatsun Gure

Laccar da aka gabatar a garin Gure, jihar Damagaram, gaban ɗalibai da malamai da dattawan gari



Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Ina gaida iyayenmu sarakuna da dattawan gari. Ina gaida malamanmu na allo da na boko. Ina gaida iyayenmu mata da suka ajiye aikin gida suka zo. Ku kuma ɗalibai, ƙannena da ƴaƴana, sannunku da zuwa, domin saboda ku aka yi wannan zama.

Kun ga abu uku a kan teburin nan. Na farko dutse ne mai ruwan toka da ratsin fari da baƙi, daga wajen Damagaram na ɗauko shi. Na biyu dutse ne ja-ja, na tsince shi a gindin dutsen da muke hange daga ƙofar gidajenmu. Na uku ƙoƙon rairayi ne, na ɗebo shi a kan tudu a bayan gari. Ba wanda bai taɓa taka irinsu ba a cikinmu. Na farko ya sami kamannin da kuke gani yau shekara miliyan 600 da suka wuce. Na biyu yana da wajen shekara miliyan 300. Rairayin kuwa, iska ta tara shi tudu-tudu a cikin shekara 20,000 na baya-bayan nan. Abin da nake so ku tafi da shi gida shi ne wannan: duwatsun Gure ragowar duwatsu masu aman wuta ne da suka mutu tun da daɗewa, kuma sanin yadda suka samu yana da alaƙa da rijiyar da za mu gina gobe.

A watan Disamba na 1852, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanen Barno suka sani da Abdulkarim, ya biyo ta Gure a hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, ya gana da Muniyoma Koso, sarkin ƙasarmu ta Muniyo. Ya rubuta yadda garin ke zaune a jikin dutse. Amma a zamaninsa babu ɗan Adam ɗin da zai iya faɗin shekarun wannan dutse, don ma'aunin da ake auna su bai samu ba sai bayan 1896, shekarar da aka gano cewa wasu ma'adinai suna fitar da tururi suna rikiɗa da kansu. Mu yau muna da abin da Barth bai samu ba.

Daga Damagaram zuwa Gure

Miliyoyin shekaru ba sa shiga kai da sauƙi, don haka bari mu shimfiɗa su a kan hanyar da muka sani. Masana sun auna shekarun duniya sun sami miliyan 4,540. Mu ƙaddara hanyar Damagaram zuwa Gure kilomita 160 ce, tashar Damagaram ita ce ranar da duniya ta dunƙule, tashar Gure kuma yau. A wannan lissafi, kowace shekara miliyan ɗaya mita 35 ce.

Farkon tafiyar wuta ce zalla. Duniya na tafasa, duwatsun sama na faɗo mata, babu ƙasar da za a taka. A kilomita 5, za mu tarar da abu mafi tsufa da aka samu na duniyar nan, wasu ƴan ƙwayoyin ma'adini daga Jack Hills a Ostireliya masu shekara miliyan 4,400. Idan muka iso Mirya, wajen kilomita 18, sai mu ga dutsen Acasta na Kanada, mai shekara miliyan 4,000 da ɗoriya. A kilomita 36 akwai tsofaffin duwatsun cikin garin Kaduna, masu wajen miliyan 3,500. Bayan mun wuce Gidimuni, a tsakiyar hanya, duwatsun Liptako na yammacin Nijar za su bayyana, masu wajen miliyan 2,100, waɗanda a cikinsu ake haƙar zinariyar Samira. Dutsen nan mai ratsi ba zai gasu ba sai saura kilomita 21 mu iso. Wutar Gure za ta tashi saura kilomita 10 da rabi. Manyan dabbobin da ƙasusuwansu ke Gadufawa za su yi kiwo saura kilomita 4. Tudun rairayin bayan gari zai taru saura santimita 70, wato taki ɗaya. Daga zuwan Barth zuwa yau kuwa milimita 6 ne, ƙwayar dawa biyu a jere.

Wani zai ce, malam, wa ya ƙirga? Tambaya ce mai kyau, ga amsarta. A cikin dutse irin wannan akwai wata ƴar ƙwaya mai suna zirkon, ba ta kai ƙwayar gero ba. Sa'ad da take ƙulluwa a cikin narkakken dutse takan haɗiye yuraniyom kaɗan, amma ba ta karɓar darma. Shi kuma yuraniyom, a hankali yake rikiɗa ya koma darma bisa ƙa'idar da zafi ko sanyi ba sa canzawa: rabin nau'insa mafi yawa yana rikiɗa a shekara miliyan 4,470, rabin abin da ya saura ya sake ɗaukar wannan tsawon lokaci. Duk darmar da aka tarar a cikin ƙwayar, a nan ciki aka haife ta. Sai a auna yuraniyom da ya rage da darmar da ta taru, lissafi ya ba da shekaru. Da darmar duwatsun da suka faɗo daga sama Clair Patterson na Amurka ya fitar da shekarun duniya a 1956, kuma awon da aka yi bayansa bai kauce wa nasa ba sai kaɗan.

Wannan bincike ba baƙo ba ne a gidanmu. Shekara dubu da suka wuce Ibn Sina ya yi bayanin yadda duwatsu ke samuwa da yadda ruwa da iska ke cinye su, Al-Biruni kuma ya dubi tsakuwar filayen Indiya ya ce wurin teku ne da koguna suka cike. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa duban halitta da tunani a kanta yana ƙara tsoron Mahalicci.

Dutse na farko: wanda ya gasu bai narke ba

Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne. Ya tsattsage kamar ƙwaryar da ta faɗi, sakaina-sakaina, kuma kowace sakaina tana motsi a kan dutse mai zafi da taushi da ke ƙarƙashinta. Alfred Wegener ya faɗi a 1912 cewa nahiyoyi na tafiya, aka ƙi yarda da shi, har ya mutu. Sai a shekarun 1960, da aka auna ƙasan teku, gaskiyarsa ta fito. Tekun Atlantika tsakaninmu da Barazil yana ƙara faɗi da wajen santimita 3 kowace shekara. A rayuwar dattijo mai shekara 70, ya buɗe da tsayin ƙofar ɗaki.

Inda sakaina biyu suka rabu, teku ke buɗewa. Inda suka yi karo, ƙasa ke naɗewa ta tashi sama. Wajen shekara miliyan 600 da suka wuce an yi irin wannan karo a nan. Daga yamma akwai tsohuwar dunƙulalliyar ƙasa mai tauri, wadda yau ke ƙarƙashin Gana da Burkina Faso da Liptako. Daga gabas akwai wasu gutsattsarin ƙasashe. Tekun da ke tsakani ya rufe, suka haɗu, aka sami jerin tsaunuka irin Himalaya tun daga Hoggar ta Aljeriya, ta Abzin da ƙasar Hausa, har arewa maso gabashin Barazil, domin a lokacin Afirka da Amurka ta Kudu a manne suke. Masanin Birtaniya W. Q. Kennedy ne ya raɗa wa wannan al'amari suna a 1964, sunan da ke nufin ya game Afirka.

Me ke faruwa da dutsen da aka danne a ƙarƙashin irin waɗannan tsaunuka? Iyayenmu mata masu ginin tukwane sun san amsar. Yumɓu idan ya shiga wuta ba ya narkewa, amma ba ya fitowa yumɓu. Maƙera ma sun san sauran rabin amsar: ƙarfe mai zafi idan ya sha guduma yakan miƙe ya bi hanyar dukan. Duk kilomita ɗaya da ka nutsa cikin ƙasa, zafi na ƙaruwa da digiri 25 zuwa 30. A zurfin kilomita 20 zuwa 25, zafi ya kai digiri 600 zuwa 700, ga nauyin abin da ke sama. Nan ma'adinan dutse ke sake jeri, farare su ware gefe, baƙaƙe su ware gefe. Shi ne ratsin da kuke gani. Masana na kiran wannan dutse nayis, mu kuwa za mu iya kiran danginsa rikiɗaɗɗun duwatsu. Inda zafin ya ɗara haka, wani sashe ya fara narkewa, sai ratsin ya murɗe kamar igiya.

To, ku lura da kyau. Wannan dutse a zurfin kilomita 20 ko fiye ya gasu, amma a fili na tsince shi. Ma'ana, ruwa da iska sun kankare duk abin da ke bisansa, ƙasa kuma ta riƙa ɗagowa sannu a hankali yayin da nauyi ke raguwa. Mutanen Damagaram da Kano da Zariya a kan saiwar tsaunukan da suka shuɗe suke noma.

Dutse na biyu: wutar Muniyo

Bayan wancan karo ƙasar nan ta lafa na tsawon zamani. Sai kuma wuta ta taso daga ƙasa, ba tare da wani karo a kusa ba.

Narkakken dutse iri-iri ne, kamar yadda abin da ke cikin tukunya yake iri-iri. Akwai mai ruwa-ruwa kamar kunu, mai zafin digiri 1,100 zuwa 1,200, wanda ke malala ya bi gangare. Irinsa ne ya shiga garin Goma na Kwango a 2002 daga dutsen Nyiragongo. Akwai kuma mai kauri, wanda zafinsa bai wuce digiri 700 zuwa 850 ba, amma ya fi haɗari. Duk wadda ta taɓa tsayawa kan talge ta san yadda yake riƙe tururi, ya kumbura, ya fashe ya fallatsa. Na Muniyo irin wannan ne. Ya taru a wani babban rumbu a zurfin ƴan kilomita, iskar da ke cikinsa ta rasa mafita, har ranar da rufin ya tsage. Abin da ya fito toka ce mai ƙuna da gutsattsarin dutse, suna gudu a kan ƙasa fiye da kowace mota, suna faɗuwa da zafinsu suna mannewa su koma dutse.

Da abin da ke cikin rumbun ya ragu, rufinsa ya rasa madogara, sai ya rufta ciki kamar marfin da ya faɗa tukunya. Tsagar da ta kewaye shi ta zama zobe. Sauran narkakken dutse ya biyo ta wannan tsaga ya daskare, wani kuma ya kutsa ƙarƙashin tokar ya huce a can. An ga irin wannan ruftawa a zamanin mutane: a 1815 dutsen Tambora na Indunusiya ya fashe, ya bar kwari mai faɗin kilomita 6, dubban mutane suka halaka, tokarsa ta rage hasken rana har amfanin gona ya lalace a Turai a shekarar da ta biyo.

Kuna iya karanta wannan da idonku. Ku fasa dutse ku dubi sabon wurin. Idan ƙwayoyinsa manya ne, ana bambance fari da ja da baƙi, to a ƙarƙashin ƙasa ya huce sannu-sannu, shi ne giranit. Idan kuwa jikinsa a murje yake kamar sabulu, sai ƴan ƙwayoyi jefi-jefi a ciki, to a sarari ya huce da gaggawa, shi ne rayolit. Tushensu ɗaya, wurin hucewa ne ya raba su. A Muniyo ana samun su duka biyu, kuma dalilin da ya sa rayolit ɗin bai ƙare ba shi ne ruftawar nan: abin da ya nutsa cikin kwari ya tsira, abin da ya tsaya a sama zaizaya ta tafi da shi.

Duwatsun murhu uku

Gure ba ita kaɗai ba ce. J. D. Falconer, a littafinsa na 1911 kan ƙasar arewacin Najeriya, ya lura cewa giranit iri biyu ne a can, tsoho da sabo. A 1958 Jacobson da MacLeod da Russell Black suka bayyana yadda sabon ke zaune zobe-zobe a yankin Jos. Shi Black ya ƙetaro Nijar ya ci gaba da aiki, a 1963 ya wallafa bayani kan zobban Gure da na Cuni-Zarniski, ya nuna dangi ɗaya ne da na Jos da na Abzin. A 1976 Peter Bowden da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon shekarunsu, wanda suka yi da wani agogon na daban, wato rubidiyom da ke rikiɗa ya koma sitirontiyom.

Abin da awon ya nuna abin mamaki ne. Zobban sun jeru daga Adrar Bus a ƙuryar arewacin Abzin har Afu kusa da kogin Binuwai, tsawon da ya haura kilomita 1,300, kuma shekarunsu na raguwa daga arewa zuwa kudu. Na Abzin suna tsakanin miliyan 480 da 400. A can ne zoben Meugueur-Meugueur yake, mai faɗin kilomita 65, ɗaya daga cikin mafi girma a duniya. A cikin wannan zamani ne ma, wajen miliyan 445, ƙanƙara ta lulluɓe Sahara, domin yankinmu na kusa da ƙuryar kudu ta duniya, kuma har yau ana ganin sawunta a duwatsun Jado. Na Damagaram da Muniyo suna tsakanin miliyan 330 da 260. Na Macina, nan ƙetaren iyaka, wajen miliyan 260. Na Dutse ta Jigawa miliyan 213. Na Afu miliyan 141. Abzin, Damagaram da Muniyo, sai Jos: duwatsun murhu uku ke nan, namu ne na tsakiya.

Me ya sa wutar ta yi ta gangarawa kudu? Nan masana suka rabu biyu. Wasu suka ce akwai wani wuri mai tsananin zafi a can ƙarƙashi wanda ba ya motsi, Afirka ce ke wucewa a kansa, kamar a ja tabarma bisa garwashi ta riƙa ƙonewa huda-huda a jere. Wannan bayani ya dace da tsibiran Hawayi. Amma a nan yana da matsala. Tsakanin mutuwar wutar Abzin da tashin ta Damagaram akwai shekara wajen miliyan 70 na shiru, kuma a Najeriya zobban sun jeru ne a kan layuka masu karkata gabas da yamma. Don haka wasu suka ce a dubi tsofaffin tsagogin da karon miliyan 600 ya bari. Wanda ya taɓa karaya ya san wurin kan tashi idan sanyi ya shigo. Duk lokacin da aka matsa ko aka ja nahiyar daga gefenta, tsohuwar tsaga kan motsa, dutsen ƙarƙashi ya sami sassauci ya narke ya hau. Lokacin wutar Gure ya zo daidai da haɗuwar nahiyoyin kudu da na arewa suka zama ƙasa guda. Lokacin ta Jos kuma ya zo gab da buɗewar Atlantika. Har yau ba a rufe wannan muhawara ba, kuma hujjar da za ta taimaka wajen rufe ta tana nan a zube a bayan garinmu.

Na san tambayar da ke zukatan iyayenmu: wutar za ta sake tashi? Ku kwantar da hankalinku. Murhun Gure ya huce fiye da shekara miliyan 250. Masu rai suna wasu wurare: dutsen Kamaru ya yi aman wuta a 1999 da 2000, tafkin Nyos ya saki iskar da ta kashe mutum fiye da 1,700 a 1986. A Abzin ma akwai ƙananan duwatsun wuta na Todra, sababbi ƙwarai idan aka gwada da namu, ga kuma ruwan zafi na Tafadek.

Ƙoƙon rairayi da maganar ruwa

Bayan wuta, sai aikin ruwa da iska. Koguna suka kwashe ɓarɓashin tsaunuka suka jibge, ya danƙare ya zama dutsen yashi irin na Kutus a arewa da mu. Da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu, ƙasa ta tsage a gabashinmu ta nutsa, laka da ragowar halittu suka cika ramin Tarmit, suka dahu suka zama man Agadem, wanda matatar SORAZ ke tacewa tun 2011, ganga 20,000 a rana. Yuraniyom na Arlit, masana na ganin daga duwatsun wutar Abzin ruwa ya wanko shi ya ajiye a cikin dutsen yashi. Kuzar Jos da Ririwai da Elmeki daga wannan dangin giranit take.

A nan ina so in ja hankali. Kasancewar dutsenmu ɗan'uwan na Jos ba ya nufin akwai kuza a ƙarƙashin kowane gida. Kuza ta fi bin wani nau'i na giranit, wani nau'in kuma ya fi ɗaukar ma'adinai irin su niyobiyom da zirkon. Awo ne kawai ke rarrabewa, kuma samun alama daban, samun abin da ya isa haƙa daban. Kada wani ya sayar da gonarsa ko ya sa ƴaƴansa a rami saboda jita-jita.

Arzikin da na tabbata duwatsun nan na da hannu a cikinsa shi ne ruwa. Tsakanin shekara 20,000 da 12,000 da suka wuce an yi babban fari, iska ta jera tuddan rairayin Manga. Bayansa damina ta dawo da ƙarfi, tafkin Cadi ya kumbura har ya kai faɗin murabba'in kilomita 350,000, kowane kwari tsakanin tuddai ya zama tafki. Kwarurukan da muke noman rani a cikinsu yau, masu dabino da goruba, gadon wancan zamani ne. Rairayi na shan ruwan sama ya ɓoye, ruwan ya gangara ƙarƙashi zuwa kwari, shi ya sa rijiyar kwari ba ta da zurfi. Inda ruwan ya kusanci sarari rana ta busar da shi, gishirin da ya kwaso ya saura, shi ne kanwar da ta sa sunan Muniyo ya kai kasuwannin Kano da kudu. Tun farin 1973 da na 1984, tuddan da ciyawa ta riƙe sun sake tashi suna binne kwaruruka. Masu kafa shingen kaba da busassun rassa suna dasa itatuwa a kan tuddai, ruwan shan jikokinsu suke tsarewa.

Giranit kuwa ba ya shan ruwa, kamar turmin dutse yake. Ruwa ba ya zama a cikinsa sai a wuri biyu: a ruɓaɓɓen samansa da ya koma tsakuwa da yumɓu, da kuma cikin tsagogi. Shi ya sa za a haƙa rijiya biyu kusa da juna, ɗaya ta yi ruwa ɗaya ta bushe. Shi ya sa birnin Damagaram, da ke zaune a kan giranit, yake janyo ruwansa daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza. Wanda ya san inda zobe ya bi da inda tsaga ta ratsa, ya kuma auna ƙasa da na'urar lantarki kafin a kawo injin haƙa, ya rage asarar kuɗin talakawa. Bayan an sami ruwan ma, dole a kai shi awo. Abin da ya sami ɗaruruwan yara a Tibiri ta Maraɗi, waɗanda sinadarin fuloraid na ruwan rijiya mai zurfi ya lanƙwasa wa ƙasusuwa, darasi ne ga ƙasa baki ɗaya. Giranit irin namu yana cikin duwatsun da kan ɗauki wannan sinadari.

Aikin da ya rage namu

Kun ji sunayen da na lissafa: Barth, Falconer, Black, Bowden. Sun yi aiki na gaskiya, mun gode musu. Yau kuma akwai ƴan Nijar da ke nazarin duwatsun Damagaram da Muniyo a Jami'ar Abdou Moumouni da makarantar EMIG a Yamai, da Jami'ar André Salifou a Damagaram, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi. Ina so in ga ƴaƴan Gure a cikinsu, mata da maza. Kuna da abin da baƙo ba shi da shi: kun san kowane dutse da sunansa, kuna jin Hausa da Barbarci da Fillanci, kuna nan rani da damina.

Ba sai kun jira jami'a ba. Ku nemi littafin rubutu da guduma. Duk dutsen da kuka ɗauko, ku rubuta inda kuka same shi da ranar, ku kwatanta launinsa da girman ƙwayoyinsa. Ku je wurin masu ginin rijiya ku ce, baba, a gaba nawa ka bar rairayi, a gaba nawa ka tarar da yumɓu, a ina dutse ya tsayar da kai, me kuke kiran kowane? Ku tambayi masu ginin tukwane inda suke ɗebo yumɓu, ku tambayi masu kanwa wane kwari ya fi bayarwa kuma a wane wata. Waɗannan mutane sun daɗe suna karanta ƙasar nan, abin da ya rage a rubuta. Ga shugabanninmu kuma ina da roƙo: duk rijiyar da aka haƙa, ko ta yi ruwa ko ba ta yi ba, a ajiye takardar zurfinta da irin ƙasar da aka ratsa a ofishin magajin gari. Busasshiyar rijiyar da aka rubuta labarinta ta hana a haƙa ta biyu a gefenta.

Abubuwa ukun nan zan bar su a makaranta. Ku sa su a kan kanta, ku rubuta sunansu da shekarunsu. Fatana idan Allah ya maido ni Gure in tarar kantar ta cika da duwatsun Kutus da Bune da Gidigir da Kelle, kowane da takardarsa da rubutun hannun wanda ya ɗauko shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa wa rijiyoyinmu ruwa mai daɗi, ya buɗa wa yaranmu basira.